Wace Windows ce ta fi kwanta maka a rai, kuma wacce zan saka a shagona?

Tambaya: Yaya, ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a Agege. Na sayo kwamfutocin tebur uku 'yan tokunbo, biyu Core i5 zubi na huɗu masu RAM giga 4, ɗaya kuma tsohuwar Core 2 Duo mai giga 2. Wani ya ce in sa Windows 7 don ta fi sauƙi, wani ya ce 10. Kai da ka daɗe a sana'ar nan, wacce ka fi so cikin duk waɗanda ka taɓa, kuma wacce zan saka?

Ƙanena, Allah ya sa albarka a shagon. Tambayoyi biyu ka haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Wadda na fi so daban, wadda ya kamata ka saka yau daban. Zan fara da ta farkon, domin idan ka gane dalilin da ya sa muka so wasu muka ƙi wasu, ta biyun za ta zo maka da sauƙi.

Mu nan Legas ba ma auna Windows da ma'aunin masu rubutu a mujallun Amurka. Su sabuwar kwamfuta suke gwadawa a ɗaki mai sanyi, wuta ba ta ƙiftawa, intanet kamar ruwan famfo. Mu kuwa kwamfutar da ta gama aikin shekara biyar a wani ofis a Turai ce take sauka a Apapa, ta biyo ta Alaba ko Ikeja, ta zo ta zauna a shago mai ƙura, ana ɗauke wuta sau da yawa a yini, ana lissafin data kamar ana lissafin fetur. Duk Windows ɗin da ta jure wannan rayuwa, ita ce tamu.

Da Windows 98 na koyi aiki, a gaban maigidana a layin Otigba, lokacin da Computer Village ba ta cika ta batse kamar yanzu ba. Ina ganin girmanta irin girman malamin allo, amma ba zan ce ina kewarta ba. Sai ka tayar da kwamfuta da fulofi mai mega 1.44, ka raba faifan ajiya da fdisk, ka yi fomatin, sannan ka shiga farautar direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, na sauti da na hoto ɗaya bayan ɗaya. Da filash ya fara shigowa, shi ma sai ka nemo masa direba kafin ta gan shi. Babbar matsalarta a wajenmu ita ce wuta. A kan tsarin ajiya na FAT32 take, wanda ba ya riƙe bayanin abin da yake cikin rubutawa. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, da ka sake kunnawa sai shuɗin allon ScanDisk ya tare ka, ka zauna kana addu'ar kada aikin mutane ya tafi. Windows Me ta shekarar 2000 ba ta daɗe a hannunmu ba, yawan maƙalewa ya kore ta, ko da yake ita ta fara kawo System Restore, mai mayar da kwamfuta yadda take kafin ta samu matsala. Windows 2000 kuwa ƙaƙƙarfa ce, sai dai ta ofisoshi ce, ba ta cika zuwa teburin masu ƙananan shaguna ba.

Sai XP, ranar 25 ga Oktoba 2001. Ka lura da shekarar: a watan Agustan 2001 ne wayar GSM ta fara aiki a Najeriya. Tare suka taso, kuma tare suka mayar da Ikeja abin da ta zama. Duk wanda ya fara taɓa kwamfuta a kafen intanet tsakanin 2002 da 2010, a Agege ne, a Idi-Araba ne, ko a Obalende, kusan tabbas koren tudun nan mai shuɗin sama na fuskar XP ya fara gani. Hoton gaske ne, an ɗauke shi a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya. A gabansa samarinmu suka buɗe adireshin Yahoo na farko, suka duba sakamakon WAEC da katin kankarewa, suka kwana a kafe saboda kuɗin dare ya fi araha. Da aka mayar da cike fom ɗin cacar bizar Amurka ta intanet a ƙarshen 2003, layi har waje.

Amma ba don tuna baya kawai nake yabonta ba, akwai dalili na sana'a. Kafin XP, Microsoft tana da gida biyu: na 95 da 98 da Me da aka ɗora a kan tsohuwar DOS, da na NT da 2000 da aka gina don ofisoshi. XP ce ta kawo ginin NT ga kowa da kowa. Manhaja ɗaya ta maƙale, sai ka kashe ta ita kaɗai, sauran su ci gaba. Ta kuma zo mana da NTFS, tsarin ajiya mai rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, kamar ɗan kasuwa mai shigar da ciniki a littafi kafin ya miƙa kaya. In wuta ta ɗauke, da an kunna sai ya duba littafinsa ya gyara kansa. Wanda bai zauna a garin da ake ɗauke wuta ba, ba zai san girman wannan ni'ima ba. Ga rashin ci: kamfanin ya ce mega 64 na RAM ya isa ta tashi, 128 ya fi, mu kuwa mun san da 256 tana tafiya, da 512 tana gudu. Pentium 3 da Pentium 4 ɗin da Turawa suka gama da su, a nan suka sake sabuwar rayuwa a dalilinta.

Ta ba mu wahala kuma, ba zan ɓoye ba. A watan Agustan 2003 bairos ɗin Blaster ya ɓarke. Ka haɗa sabuwar kwamfuta da intanet, kafin ka gama saukar da rigakafi sai ga akwati ya fito yana ƙirga daƙiƙa 60 kafin ta kashe kanta. Har yau yatsuna sun haddace shutdown -a, umarnin da muke bugawa da sauri don tsayar da ƙirgar. Sasser ya biyo baya a 2004. Shi ya sa idan na ce ina son XP, wadda ta samu ƙunshin gyare-gyaren Service Pack 2 na Agustan 2004 nake nufi, domin daga nan ne katangar tsaro ta zama a kunne tun daga farko. Ko da hakan, ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, wato filash. XP tana karanta ɗan fayil mai suna autorun.inf ta bi abin da ya ce, masu ƙirƙirar bairos kuwa suka mayar da shi motar haya. Ɗalibi ya kawo aikinsa a buga, ya tafi da cuta, ya kai wani shagon. Masu kafe da suka san kan abin sai suka koma ga Deep Freeze, manhajar da ke mayar da kwamfuta yadda take da zarar an sake kunnawa, mu masu gyara kuma muka riƙe Norton Ghost don kwafe kwamfuta ɗaya a zuba a goma.

Vista, wadda ta fito kasuwa a ƙarshen Janairun 2007, an zalunce ta a bakin mutane, kuma mu masu gyara muna cikin waɗanda suka yi ta cire ta. An riƙa sayar da kwamfutoci masu mega 512 ɗauke da ita, alhali tana son giga 1 zuwa 2 kafin ta numfasa. Ta sauya tsarin direbobi, tsofaffin firintoci da sikana suka daina aiki. Tana yawan tsayar da mutum da tambayar ko ya yarda a yi kaza. Shekara biyu zuwa uku babban cinikinmu shi ne "cire min wannan ka mayar min da XP", aikin da shi ma yake da nasa ƙulli, domin faifan saka XP bai san SATA ba, wato sabuwar hanyar haɗa faifan ajiya, sai ka shiga BIOS, saitin tushen kwamfuta, ka mayar da shi tsohuwar hanyar IDE ko ka cusa direban a cikin faifan. Duk da haka, wanda ya duba lambar ciki zai ga Vista 6.0 ce, Windows 7 kuma 6.1. Vista ta haƙa rijiyar, 7 ta sha ruwan.

To ga amsar tambayarka ta farko. XP ce ta raine ni, amma in ka ce in zaɓi guda ɗaya a matsayin mai sana'a, Windows 7 zan ɗauka, Professional mai 64-bit da Service Pack 1.

Ta fito ranar 22 ga Oktoba 2009, kuma ta zo a kan gaɓa. Tokunbon da ke shigowa lokacin sun kai ƙarfin ɗaukarta, Core 2 Duo, sannan Core i3 da i5, irin su Dell Latitude E6410 da ThinkPad T420 da suka cika kasuwa daga baya. A 2010 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki ta gaɓar Legas, ƙananan modem masu kama da filash suka yawaita, mutane suka fara hawa intanet daga gida da shago maimakon kafe. Windows 7 ta karɓi duk wannan ba hayaniya. Ka saka ta, mafi yawan direbobi ta gane su da kanta. Ka danna Start ka rubuta harafi uku, abin da kake nema ya fito. Ka ja taga zuwa gefe ta kama rabin allo, ka sa takardar kwastoma a hagu, wadda kake bugawa a dama. Ta rufe wa filash ƙofar autorun. A zamaninta 64-bit ya zama ruwan dare, aka daina takaicin sa giga 4 kwamfuta ta ga uku da ɗoriya. Ta san yadda ake kula da SSD, sabon faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa. Kuma abin da ya fi min komai: tana tambayarka kafin ta yi abu. Kana iya ce mata ta duba sabuntawa amma kada ta sauke sai ka ce, ta kuwa bi. Ga mai sayen data da kuɗin cinikin yini, wannan mutunci ne.

Akwai dalili na biyu da ya shafe mu mu Hausawa, wanda ba za ka ji shi a bakin maƙwabtanmu na kasuwa ba, kuma kai mai buga takardu a Agege ya fi shafa. Ina nufin haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. A zamanin 98 da XP, sanannun salon rubutu irin su Times New Roman da Arial ba su da su. Ko dai ka rubuta k' da d' da b', ko ka bar su a miƙe mai karatu ya yi ta laluben ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa", ko kuma ka nemo salo na musamman irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira a Kano a shekarun 1990. Wannan aiki ya taimaki marubutan Hausa ƙwarai, sai dai irin waɗannan salo aron gurbin wasu alamomi suke yi, don haka in ka kai takardar kwamfutar da ba ta da salon, sai haruffan su rikiɗe. Na taɓa kwana biyu ina bin wani ɗan littafin fiƙihu na wata Islamiyya layi-layi saboda haka, malamin yana zaune kusa da ni yana karanto daidai ina gyarawa. Daga Vista ne manyan salon rubutun suka samu haruffanmu a gurbinsu na dindindin, Windows 7 kuma ta zo da tsarin madannai na Hausa a cikinta: ka ƙara shi, ka riƙe Alt na dama ka danna k ko d ko b, harafin ya fito, kuma duk inda takardar ta je haka za ta buɗe. Larabci ma haka. A XP sai ka nemo faifan ka ƙara fayilolin rubutun dama zuwa hagu, a 7 kuwa yana ciki, zaɓa kawai za ka yi. Takardun jarrabawar Islamiyya, katin ɗaurin aure mai bismilla a sama da Hausa a ƙasa, sanarwar masallaci, duk sun zama aikin minti kaɗan. Ranar da na fara buga "ƙarƙashin" daidai ba tare da wata dabara ba, na ji kamar an buɗe wa harshenmu ƙofar gaba bayan shekaru yana shiga ta baya.

Windows 8 ta Oktoban 2012 ta cire maɓallin Start ta kawo manyan akwatuna da aka tsara don allon shafawa. Mai buga takardu da linzami a hannu ba abin da zai yi da su. Sun dawo da maɓallin a 8.1 bayan shekara guda, kuma gaskiya 8.1 tana da sauri a kan ƙaramar kwamfuta, amma zuciyar mutane ta riga ta fita.

Windows 10 ta 29 ga Yuli 2015 ina girmama ta fiye da yadda nake sonta. Tsaronta ya fi na duk waɗanda suka gabace ta, rigakafin da ke cikinta ya ishi mai shago ba sai ya sayi wani ba, kuma kusan duk na'urar da ka soka mata za ta gane. Inda muka saɓa shi ne sabuntawa, domin ita take yanke lokacin saukewa, kuma abin da take saukewa yana da nauyi. Maganinsa shi ne ka shiga saitin intanet ka nuna mata layinka na awo ne, wato ka kunna Metered connection, sai ta rage. Sannan ba ta shiri da tsohon faifai mai juyawa. Yawancin masu cewa 10 tana da nauyi, faifansu ne ya gaza. Ka sa mata SSD ko da mai giga 128 ko 256 ne, ka kai RAM giga 8, za ka rantse an sauya kwamfutar.

Yanzu ga abin da za ka saka, kuma a nan dole in ajiye son zuciya. Kada ka hau intanet da Windows 7, ballantana XP. An daina toshe ɓarakar XP tun 8 ga Afrilu 2014, ta 7 tun 14 ga Janairu 2020, ta 8.1 tun Janairun 2023. Chrome ta tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, kuma shafukan banki da na hukumomi suna ta barin tsofaffin manhajojin shiga intanet a baya. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila, ya bi ta ɓarakar da aka riga aka fitar da maganinta wata biyu kafin nan, waɗanda ba su sabunta ba su ya kama, kuma mafi yawansu masu Windows 7 ne. Wancan lokacin akwai maganin, sakaci ne ya hana sha. Yau kuwa, in sabuwar ɓaraka ta fito a 7, maganin ma babu. Kai kuwa ba sirrinka kaɗai ke kan kwamfutar ba. Lambar NIN ta mutane, hoton fasfo, takardar makaranta, kalmar sirrin imel ɗin dattijon da ya miƙo maka wayarsa ya ce "ɗana, duba min", duk amana ce a wuyanka.

Ita ma 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ƙarin shekara guda na sabuntawar tsaro ga wanda ya yi rajistar shirin Microsoft mai suna ESU. Don haka gada ce, ba gida ba. Windows 11 kuma, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da, a ɓangaren Intel, zubi na takwas zuwa sama. Naka na huɗu ne, ba su cika sharaɗi ba. Akwai dabarar tsallake sharaɗin, yaran kasuwa za su yi maka a minti talatin, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, ni kuma ba na son a ɗora abincin gida a kan abin da ba shi da tabbas.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba su. Core 2 Duo ɗin nan zan sa mata Windows 7, in cire mata wayar intanet gaba ɗaya, ta zama ta Word da CorelDRAW da tsohuwar firinta. A wannan aiki har gobe babu kamarta, kuma za ta yi maka shekaru. Sharaɗi ɗaya: filash ɗin kwastoma ba ya shiga jikinta sai an fara duba shi a wata kwamfutar mai rigakafi na zamani. Ɗaya daga cikin i5 ɗin zan sa mata SSD in ɗora Linux Mint, wadda kyauta ce, ana sabunta ta, fasalinta kuma ya yi kama da 7 har yaron shago zai saba cikin kwana biyu. Ta isa duba imel, saukar da takardun da aka turo ta WhatsApp da cike yawancin fom. Ka dai gwada firintarka a kanta tukuna, kuma ka sani na'urar ɗaukar zanen yatsa da wasu manhajojin rajista Windows kaɗai suka sani. Ɗaya i5 ɗin kuma zan sayar ko in yi musaya in cika kuɗi, in ɗauko 'yar tokunbo zubi na takwas, irin Dell OptiPlex 3060 ko HP ProDesk 400 G5, ta zama mai Windows 11, ita ce za ta riƙe duk aikin da ya shafi kuɗi da bayanan mutane.

Ka guji Windows ɗin da ake yawo da ita a filash ana cewa an rage mata nauyi, da ƙananan manhajojin da ake cewa suna buɗe lasisi. Ba ka san wanda ya taɓa su ba, ba ka san abin da ya bari a ciki ba, kuma abu na farko da suke nema shi ne ka kashe rigakafi. Yawancin tokunbon ofis na zubi na takwas lasisinsu yana cikin allon uwa tun daga masana'anta, da ka saka Windows ta asali daga shafin Microsoft ka hau intanet za ta buɗe da kanta. Ka kuma sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, a lissafinka kafin fenti da allon talla, domin NTFS tana ceton tsarin ajiya ne, ba ta dawo da shafi goman da ba ka adana ba.

Idan ka je sayen, kada ka tsaya ga takardar da aka manna a jiki. Ka sa a kunna ta a gabanka, ka duba lambar da ke bayan i5: in ka ga 4570, zubi na huɗu ce, in ka ga 8400 ko 8500, na takwas ce. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. In ta nuna 2.0, ka yi ciniki. In ta ce ba ta ga komai ba, ka sa mai kayan ya shiga BIOS ya kunna shi kana tsaye, domin sau da yawa a kashe kawai yake. In ya kasa nuna maka, ka riƙe kuɗinka ka matsa shago na gaba.